Wanda Iska Ta Maido: Tsokaci Kan Baƙon Da Wa'adinsa Ya Ƙare



Wani bawan Allah ya turo mini tambaya ta akwatin saƙo yau kusan sati uku, ban amsa masa ba sai yanzu, ina neman afuwarsa. Ƙaninsa yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, a ɗakin inji. Ya ce jirginsu zai tsaya a wata tasha a Amurka, kuma yaron yana shawarar idan an ba shi izinin sauka ya sulale cikin gari, kada ya koma jirgi. Abin da yake son sani shi ne: akwai laifi a Shari'a idan ya yi haka, tunda ƙasa ta Allah ce kuma ba kayan kowa zai ɗauka ba? In kuma suka kama shi suka taso ƙeyarsa, zaluntarsa suka yi ko adalci?

Da na karanta sai da na yi dariya. Na ce ikon Allah, a rasa wanda za a tambaya hukuncin ma'aikatan jirgin ruwa sai limamin Gangara, mu da ruwan da ya fi girma a wajenmu shi ne dam ɗin Jibiya. Amma da na kwana da tambayar sai na tuna ai na taɓa haɗuwa da ita ido da ido, sanye da riga duk baƙin mai, a sahun baya na masallacinmu. Zan zo kan wannan.

Bari mu fara da abin da dokarsu ta ce, don bai kamata malami ya yanke hukunci kan abin da bai fahimta ba. A Amurka, ma'aikacin jirgin da ba ɗan ƙasa ba ana ba shi izinin sauka ne na sharaɗi, wanda ba ya wuce kwana 29, da sharaɗin zai fita. Idan jami'i ya ga alamar ba shi da niyyar fita, yana iya soke izinin, a mayar da shi jirgi ko a fitar da shi daga ƙasar, kuma kamfanin da ya kawo shi ne zai biya kuɗin. Wanda ya zarce wa'adin da gangan, bayan kora akwai tara, ko ɗauri da bai wuce wata shida ba. Ku riƙe mini wannan "da gangan" ɗin, za mu buƙace ta a gaba.

Mu ma nan muna da namu wa'adin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna kwana 90. A 2025 kuma gwamnatin Nijeriya ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adin bizarsa, bayan ta ba da lokacin afuwa da ya ƙare a ƙarshen Satumba. Lissafa da kanka: wata ɗaya kawai dala 450 ne.

To, amsar rabin farko na tambayar ba ta da wuya, ko da yake na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ɗan uwa, gaya wa ƙaninka kada ya yi. Gaskiya ne ƙasa ta Allah ce. Gaskiya ne kuma wannan iyakar da ke kusa da mu Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce, suka raba Katsina da Maraɗi, alhali har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Duk na yarda. Amma ranar da ka miƙa fasfo aka buga maka hatimi, aka ce kwana kaza, ka karɓa ka sa aljihu, Bature ba ya wurin. Kai ne ka ɗauki alkawari da bakinka. Malaman fiƙihu sun yi bayani ƙarara cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗansu da amincewarsu, haram ne ya ha'ince su, ko da kuwa ƙasar da ake yaƙi da ita ce.

Ku tuna Huzaifa ɗan Yamani (RA). Shi da mahaifinsa sun fito za su Madina, Ƙuraishawa suka tare su, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Sai ga Badar ta zo. Musulmi ɗari uku da 'yan kai, abokan gaba kusan dubu, lokacin da mutum ɗaya ma ake nema. Suka gaya wa Annabi (SAW) abin da ya faru, ya umarce su su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Alkawarin da aka karɓa bisa hanya, daga hannun maƙiyi, bai zubar da shi ba. Ina ga wanda ka je da ƙafarka, ka bi layi, ka cika takarda, ka sa hannu?

Kuma in mun faɗi gaskiya wannan cutar ba ta tsaya ga ma'aikatan jirgi ba. Mutum nawa muka sani da suka tafi da bizar Umara suka zama 'yan takari? Shekara biyar, shekara goma, kullum ana wasan ɓuya da askar, a ƙarshe a kwana a gidan tarhil, a dawo da leda ɗaya a hannu. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a kansu. Duk wanda ya gudu, ya ƙara wa na bayansa tsanani. Idan ma'aikaci ɗaya ya sulale a tasha, gobe sai a hana abokan aikinsa sauka, mutanen da suka yi watanni ba su taka ƙasa ba, suna son su sayi magani ko su yi Juma'a cikin jama'a.

Da a nan maganar ta tsaya da tuni na amsa. Rabi na biyu ne ya riƙe ni sati uku.

Kun tuna damina ta 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe boda. Wanda ya bi ta Magama a watannin nan ya ga tireloli jere kamar an shuka su. A cikin masu gadinsu akwai wani yaron mota, ba zai wuce shekara 22 ba, daga can wajen Tasawa. Sun kawo aya Dawanau kwanaki kaɗan kafin juyin mulkin, suka yi lodin kayan roba za su koma, suka iske ƙofa a rufe. Yana da ƙanwar uwa da ke aure a nan Gangara, shi ya sa yakan hau acaɓa ya zo ya ci abinci, ya yi wanki, ya yi salla da mu, ya koma ya kwana ƙarƙashin mota.

Bayan kamar sati shida direban ya ce masa zai leƙa gida ta hanyar daji, kwana biyu zai dawo. Bai dawo ba. Mai kayan yana can yana bugo waya: ko bokiti ɗaya ya ɓata, a wuyanka. Da farko yana turo kuɗin abinci, daga baya ya daina, daga baya ma wayar sai an buga sau biyar ya ɗauka. Na taɓa ce masa, "Kai kuwa me zai hana ka bi ta inda kowa ke bi ka tafi gida?" Ya ce, "Malam, ƙaƙa za ni yi? Kayan ga a hannuna anka bar su. In na tahi anka kwashe, mi za ni ce ma mai su? Kuma wa zai ƙara ba ni aiki?"

Hatimin da ke takardarsa na watan Yuli ne. Kafin Oktoba ta ƙare kwana 90 sun cika, shi bai ma san ana ƙirgawa ba. Mu ɗin ma wa ya sani? Mu da muke kai amarya Ɗan Isa da yamma mu dawo mu yi Isha'i a gida, wa ya taɓa ƙirga wa wani kwana? Sai a cikin hunturu aka tare shi a wani shinge, aka buɗe takardar, aka ce ya wuce wa'adi da wata biyu. Ya kwana a tsare. Sai da mijin innarsa ya sayar da akuya aka sako shi.

Kwana uku bayan haka, da muka sallame Magariba, suka same ni shi da mijin innar. Buƙatarsu ƙarama ce a ganinsu: in rubuta wa mai unguwa cewa na san yaron, a nan aka haife shi, don a samo masa takardar zama ɗan ƙaramar hukuma, ya huta. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ƙwarai ya sa baki, ya ce, "Liman, sa hannu mana. Ai ɗanmu ne. Kakansa ma daga nan ya ƙaura, ina ƙaryar take?" Kafin in ba da amsa wani kuma ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi hattara. Zamanin nan na infoma ne. Wa ya san abin da yake yi da dare? Ni a ganina a kai rahotonsa a mayar da shi inda ya fito." Duka biyun mutanen kirki ne, kuma duka biyun sun yi jana'izar 'yan uwansu da 'yan bindiga suka kashe.

Na ce su ba ni zuwa safe. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san wannan tsoron. Can inda na yi karatu iƙamata ta taɓa ƙarewa, takarduna suka maƙale wata biyu ba da laifina ba. Na san yadda mutum ke canza hanya in ya hango kaki, na san yadda ƙwanƙwasa ƙofa ke tsinka zuciya. Kuma ni ɗalibi ne mai gado da katifa.

Na ɗauko Muhtasar na Shaihu Halil, wanda muka karanta a zaure kafin mu san ƙofar jami'a, na buɗe babin jihadi wajen maganar amana. Abin mamaki, sai ga ma'aikatan jirgin ruwa a ciki. Halil a Misira ya rayu, a ƙarni na takwas na Hijira, lokacin da fataken Turawa ke sauka a Iskandariyya da jiragen da iska ke turawa. Mas'alar ita ce: baƙo daga ƙasar da ake yaƙi da ita ya shigo da amana, ya gama cinikinsa, ya hau jirgi ya tafi, sai iska ta juyo da shi ta maido shi gaɓarmu. Izinin da aka ba shi ya riga ya yi amfani da shi, ya yi sallama. Yanzu mene ne shi? Ganima ce Allah Ya kawo? Hukuncin mazhabarmu shi ne yana nan kan amanarsa har sai ya isa inda zai aminta. A wurin dai an kawo wanda aka kama a ƙasarmu ya ce shi ya zaci ba a taɓa fatake. Shi ma ba a cutar da shi, mayar da shi ake yi inda zai aminta.

Na karanta wannan layin tun ina saurayi, na haddace shi don jarrabawa, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a daren nan. Malamanmu sun raba tsakanin wanda ya ƙi tafiya da wanda aka hana tafiya. Ƙirgen kwana ɗaya ne a kan takarda, amma mutanen biyu ne. Kuma ku lura da wanda ake magana a kansa: kafiri, daga ƙasar da ake zubar da jini da ita. To ina ga Musulmi, maƙwabci, mai harshenka, wanda iskar da ta maido shi ma mu muka hura ta daga Abuja? Mu muka rufe ƙofa, sannan muka kama shi da laifin bai fita ba.

Tushen wannan duka yana cikin aya ta 6 a Suratut Tauba, surar da ta fi kowace tsanani kan mushirikan da suka warware alkawari. A tsakiyar wannan tsananin Allah Ya umarci Annabi (SAW) ya ba wanda ya nemi mafaka mafaka, in kuma zai tafi a kai shi har wurin amincinsa. Abin lura shi ne a kan wa aka ɗora aikin kaiwar. A kan mai masauki ne. Ashe a Musulunci fitar da baƙo ba ya cika a bakin ƙofarka, sai ya isa tasa ƙofar. Shari'a ta yarda a sa wa'adi: Shafi'iyya sun ce wata huɗu, Hanafiyya sun ce kada ya kai shekara. Amma ku ji yadda Hanafiyya suka tsara: shugaba zai sanar da baƙon tun da wuri cewa in ya cika shekara za a ɗora masa abin da ake ɗora wa mazauna. In ya zauna, ya zama mazauni mai haƙƙi da nauyi. Gargaɗi na farko, sannan hukunci, kuma hukuncin ma bai mai da shi abin farauta ba.

Akwai kuma ƙissar da nake ganin kamar don yaran mota aka ajiye ta. Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Zainab 'yar Manzon Allah (SAW), yana kan shirka ya taso daga Sham da dukiyar Ƙuraishawa, Musulmi suka tare ayarin suka kwashe. Ya shigo Madina da dare ba izinin kowa, ya nemi mafaka wurin Zainab. Da Asuba ta ɗaga murya daga sahun mata ta sanar ta ba shi mafaka, Annabi (SAW) ya tabbatar. Aka maido masa da kayan, har igiya da salka. Ya koma Makka ya ba kowa nasa, sannan ya furta shahada, don kada a ce ya musulunta ne ya cinye dukiyar mutane. Mutumin da kayan wasu ke wuyansa ba shi da 'yancin tafiya irin naka da nawa.

Har yau haka abin yake a teku. Wasunku za su tuna labarin Muhammad Aisha, ɗan Siriya, da BBC ta kawo. Jirginsu MV Aman aka tsare a Misira a 2017, kotu ta naɗa shi mai kula da jirgin, shi ke nan ya maƙale. Abokan aiki suka watse, mai ya ƙare, wuta ta ɗauke, mahaifiyarsa ta rasu yana ciki. Da guguwa ta turo jirgin kusa da gaɓa, iyo yake yi ya fita ya sayo abinci ya yi cajin waya. Sai a Afrilun 2021 ya koma gida, kusan shekara huɗu. A 2020 kuma, lokacin korona, hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin ma'aikata dubu 400 ne suka maƙale a jirage, kwantiraginsu ya ƙare, ba su samu damar sauka ba. A duk irin waɗannan, mai jirgi da mai kaya suna gida suna barci. Shi ya sa ma na yaba wa wancan sashen na dokar Amurka da ya ɗora kuɗin mayarwa a kan kamfani, da kuma sharaɗin ganganci kafin ɗauri. Gaskiya ko daga ina ta zo a karɓe ta. Wanda ya aiko mutum, shi ya kamata a fara riƙewa.

Inda ƙasashe ke faɗuwa shi ne wajen yadda ake korar. Mahaifina yakan ba mu labarin 1983. Ranar 17 ga Janairu ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar masu yawa. A lokacin Gana ta rufe tata bodar, sai mutane suka taru a hanya, gaba ba dama baya ba dama, wasu suka mutu a turmutsutsu. Jakar nan da muke zuba kaya a ciki har yau sunan wannan korar take ɗauke da shi, muna faɗa muna dariya. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi wa namu irin haka, ita ma sati biyu. Ramuwar gayya, talaka ne ya biya duka biyun. Yau kuma ga Aljeriya tana sauke mutane a tsakiyar sahara, kilomita 15 daga Assamaka, su taka da ƙafa, da mata da yara. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum dubu 30 a 2024 kaɗai, kuma akwai Hausawa da yawa a ciki. Ƙasar Musulmi ce take yi wa Musulmi. Tana da ikon cewa su fita, ban musa ba. Amma rairayin da ba ruwa ba inuwa ba shi ne wurin amincin kowa ba.

Namu salon a nan kan iyaka daban ne, kuma ni ya fi ba ni tsoro. Dokar tana nan amma barci take yi. Dubban mutane na shiga da fita ba mai tambaya. Sai ranar da aka ga marar gata, ko aka so a ci wani abu, a tashe ta. Alhajin da ke da kaya ya yi shekara yana kai da kawo ba wanda ya buɗe fasfonsa, yaron motarsa ne za a ƙirga wa kwana. Dokar da ba a sanar da kowa ba, ba a bin ta kan kowa, sai kan wanda ba zai iya kare kansa ba, ta koma tarko. Kuɗin da aka karɓa ta wannan hanya kuwa, wanda bai shiga asusun hukuma ba, cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ban manta da ɗan uwan da ya ja ni gefe ba. Maganarsa tana da ƙarfi. Makamai na ratsa iyakar nan, infoma gaskiya ne, mun ga abin da suka jawo. Hukuma tana da haƙƙin sanin wa ke cikin ƙasarta, kuma wanda aka samu da hannu a ɓarna a hukunta shi, baƙo ne ko ɗan gida. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah, infoman da aka kama a garuruwanmu, nawa ne baƙi, nawa ne 'ya'yan da muka raɗa wa suna? Sannan maganin rashin sanin mutum ai shi ne a san shi. Baƙon da ya san in ya bayyana za a tatse shi, ɓuya zai yi, kuma ɓoyayyen ne abin tsoro. Mu kuma kada mu manta, tun 2019 dubban mutanenmu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suna can jihar Maraɗi, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori da gidajen dangi. Sun tafi da dare, ba fasfo ba hatimi. Da an ƙirga musu kwana 90 fa?

Da safe na ce musu ba zan rubuta an haife shi a nan ba. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma ranar da liman ya fara sa hannu kan ƙarya don tausayi, gobe wanda zai zo da irin buƙatar ba lallai mai gadin bokiti ne ba, kuma sa hannun nawa ya riga ya zama banza. Na ce amma zan rubuta gaskiya. Na rubuta sunansa da garinsu, da ranar da ya shigo, da lambar motar da inda take, da dalilin da ya hana shi fita, da cewa zai tafi ranar da aka buɗe. Mutum biyu suka tsaya masa, na sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Wanda ya ce a kai rahotonsa ma na nuna masa, ya ce in dai haka ne shi ba shi da ja.

Ba zan yi muku ƙarya ba, takardar ba ta da wani ƙarfi a doka. Wani wurin an karanta an miƙo masa an ce Allah Ya kiyaye. Wani wurin an ce wannan ai takardar masallaci ce, aka karɓi abin da aka karɓa. Yaron ya yi fushi da ni, ya fi sati uku ban gan shi a sahu ba. Dattijon nan kuwa har yau in maganar ta taso yakan ce, "Liman, ilimi ya hana ka taimako." Ina jin zafin maganar. Na san da na sa hannu da wataƙila an tsira da kuɗin buhun gero a gidan da ba su da shi. Ban canza ra'ayi ba, amma ba na faɗin haka da alfahari. Abin da na fi zargin kaina da shi shi ne sai da aka sayar da akuya sannan na san halin da yake ciki, alhali wata huɗu yana salla a bayana.

To ɗan uwa mai tambaya, ga amsarka. In ƙaninka ya sauka da niyyar gudu, ya ci amana, kuma in suka mayar da shi gida cikin mutunci ba su zalunce shi ba, sharaɗin da ya karɓa ne. In kuwa ciwo ne ya kwantar da shi jirgi ya tafi, ko kamfani ya yi watsi da su, ko aka rufe hanya, to shi ne wanda iska ta maido, ba laifi a kansa wurin Allah. Ya kai kansa ga hukuma tun kafin wa'adi ya cika, ya nemi ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, suna da wakilai a manyan tashoshi kuma irin wannan aikinsu ne. Ya riƙe kwafin kwantiraginsa, don yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta wajabta wa mai jirgi mayar da ma'aikaci gida. In kuma matsin da ke tura shi daga gida ne, bashi ko yawan buƙatun 'yan uwa, to kai ma da ka turo tambayar akwai naka kason. Ku sassauta masa.

Tinubu ya ba da umarnin buɗe boda ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22, muna cikin azumi. Direban ya ɓullo da bakanike, batir ya mutu, tayu biyu sun kwanta, sai da suka yi kwana uku kafin mota ta tashi. Yaron ya zo ya yi mini sallama bayan Tarawihi, ya ce in yafe masa fushin da ya yi, na ce ni ma ya yafe mini. Bayan Salla ya bugo waya. An sauke kaya an ƙirga, ba abin da ya ɓata, sai na saman da rana ta cinye suka farfashe. Mai kayan ya ce waɗannan a cikin kuɗinsa za a cire. Na tambaye shi kuɗin wata bakwai da ya yi yana gadi fa? Ya ce an ce ya dakata tukuna.

Na karɓi lambar mai kayan. Na buga sau huɗu, sau ɗaya ya ɗauka, ya ce yana cikin taro.